Tambayoyi da Amsoshi Kan Shirin Tafiya Aikin Agaji Wata Ƙasa Daga Legas

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, mutane suka riƙa kwarara zuwa garin Adre da sauran sassan gabashin Chadi, matasanmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende suke ta kawo mini tambayoyi kusan iri ɗaya game da tafiya aikin sa kai a wata ƙasa. A cikinsu akwai ma'aikatan jinya da malaman makaranta, akwai kuma 'yan agajin masallatai da suka goge da aikin filin Idi da na jana'iza. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa na amsa su a nan, domin abin da ya fi damuna shi ne ganin mutum ya tashi da kyakkyawar niyya, amma saboda ƙarancin shiri ya je ya zama ƙarin nauyi a kan mutanen da ya je sauƙaƙa wa.

Mu ma ƙasarmu mai tasowa ce, ga mabuƙata a ƙofar gida. Me zai sa mutum ya ƙetare iyaka?

Wannan tambaya tana da ƙarfi, kuma ba na so a wuce ta da gaggawa. Wanda ya ga abin da ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumban 2024, ko wanda ya taɓa shiga lungunan Ajegunle da Makoko da damina, ya san cewa ba sai an hau jirgi ake samun wanda za a taimaka wa ba. Saboda haka idan abin da mutum yake da shi ƙarfin jiki ne da tausayi kaɗai, ba shi da wata sana'a ko ƙwarewa da aka rasa a can, shawarata ita ce ya yi aikinsa a gida, kuɗin jirgin kuma ya miƙa shi ga waɗanda suke wurin. Babu ƙasar da ta rasa matasa masu iya ɗaukar buhu da haƙa rami, kuma duk baƙon da ya je ya yi wannan aiki kyauta, ya hana ɗan gari ladan da zai kai wa iyalinsa.

Amma akwai ƙwarewar da ake nema da gaske, kuma Nijeriya ta daɗe tana bayar da ita. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa shirin tura ƙwararru da ake kira TAC, wanda har yau yake aika likitoci da malamai da injiniyoyi zuwa ƙasashe irin su Gambiya da Uganda na tsawon shekara biyu. Mu mazauna Legas muna da misali mafi kusa. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka a nan daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi barin asibitin da aka kwantar da shi a Obalende, ta kamu, ta rasu. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Nijeriya ta rabu da cutar, kuma a watan Disamban wannan shekara ma'aikatan lafiyarmu suka tafi Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin Tarayyar Afirka, ɗauke da darasin da suka koya a titunan Legas. Irin wannan tafiya ce take da dalili: an nemi abin da ka iya, kai kuma ka iya shi.

Ta wace hanya ake tafiya?

Ta hannun hukuma ko ƙungiyar da take da aiki tsayayye a ƙasar, wadda za ta ba ka takardar gayyata, ta faɗa maka aikinka da wanda za ka yi aiki a ƙarƙashinsa. Ban da TAC da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje, akwai shirin masu aikin sa kai na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka kafa a 1970, wanda ake rajistarsa ta intanet, akwai na matasa na Tarayyar Afirka da na ECOWAS, akwai kuma ƙungiyar Red Cross da ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda mutanen Sakkwato da Zamfara suka san aikinta. Mutum ya tattara 'yan kuɗi ya nufi sansanin 'yan gudun hijira shi kaɗai kuskure ne babba, domin sansanoni suna da masu kula da su, kuma ba a barin wanda ba a sani ba ya shiga ya fara rabo.

Wani ya ce in biya kuɗi ya sama mini gurbi. Yaya zan gane na gaskiya?

Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko sisin kwabo wajen neman aiki ko tantancewa, duk wanda ya nemi kuɗi da sunanta ɗan damfara ne. Wasu ƙananan ƙungiyoyi kan buƙaci mutum ya ɗauki nauyin jirginsa da abincinsa, wannan ba laifi ba ne matuƙar an rubuta abin da kowane kuɗi zai yi, kuma asusun na ƙungiya ne, ba na wani mutum ba. A duba rajistarsu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a je ofishinsu da ƙafa, a nemi ganawa da wanda ya taɓa tafiya ta hannunsu ya dawo. Idan aka ce ka miƙa fasfonka a riƙe maka, ko aka ce za a bi da kai ta Agadas, ko aka hana ka faɗa wa iyayenka, to ka tsaya nan, ka kai rahoto hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane. Ina roƙon iyayen 'yan mata musamman su kula da wannan, domin masu safara sun gane cewa kalmar agaji tana saurin kwantar da hankalin uba.

Waɗanne takardu zan tanada?

Fasfo ne na farko, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, da shafukan da ba a buga wa hatimi ba. Hukumar shige da fice tana da ofisoshin fasfo a Ikoyi da Ikeja da Festac, ana buƙatar lambar NIN, kuma sunan da ke kan fasfo dole ya dace da na NIN harafi da harafi. Da yawa daga cikinmu an rubuta musu Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, gyaran wannan kaɗai yana iya cin makonni, don haka a fara da wuri.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Nijeriya damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba tare da biza ba har kwana 90, amma wannan izinin ziyara ne, wanda zai daɗe yana aiki sai ƙungiyarsa ta nema masa takardar zama. A kuma tuna cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, Chadi da Kamaru kuwa can ma ba sa cikinta. Kafin a sayi tikiti a tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasar a ji ƙa'idar da ake bi a lokacin. Ko da ta Seme ko Illela ko Jibiya za a bi, a tabbatar an buga hatimin fita da na shiga. Kowace takarda a yi mata kwafi biyu, ɗaya a jaka ta daban, ɗaya a bar wa iyali.

Me ake nufi da katin rigakafi mai launin rawaya, kuma waɗanne allurai zan yi?

Shi ne shaidar cewa an yi wa mutum allurar zazzaɓin shawara, kuma yawancin ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna tambayarsa a bakin iyaka. Sashen kula da lafiya na tashoshin shiga da fita ne yake bayar da shi, suna da ofis a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, kuma tun 2019 ana biyan kuɗinsa ta intanet. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, amma tun 2016 an amince cewa allura ɗaya ta wadatar har tsawon rayuwa. Akwai masu sayar da kati ba tare da allura ba. Kada a saya. Sauron da ke yaɗa shawara ba ya duba kati, kuma cuta ce mai kisa wadda ba ta da takamaiman magani.

Sauran alluran a tattauna su da likita aƙalla wata ɗaya da rabi kafin tafiya. Wanda zai je yankin Sahel tsakanin Disamba da Yuni yana buƙatar ta sanƙarau, domin lokacin ne cutar take tashi tun daga Senegal har Habasha. Wanda zai taɓa jini ko allura yana buƙatar ta ciwon hanta nau'in B, wadda a tsarinta na yau da kullum sau uku ake yi cikin wata shida. A duba ta taifot da ta sarƙewar haƙora. Mai hawan jini ko ciwon suga ya tafi da maganin da zai ishe shi har ya dawo da ƙari, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita.

Na girma cikin sauro, kuma na saba da ruwan Legas. Akwai abin da zan ji tsoro?

Sabo yana rage tsananin zazzaɓin cizon sauro, amma ba ya hana shi, kuma mai aikin da ya kwanta kwana biyar ya janye ma'aikaci ɗaya daga kan marasa lafiya zuwa kansa. A tafi da gidan sauro mai magani, a kwana a cikinsa kowane dare, idan zazzaɓi ya zo a yi gwaji kafin a sha magani.

Ruwa kuwa, cikin mutum bai san ƙwayoyin cutar wani gari ba. A tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa masa ƙwayar tsabtace ruwa, a guji ƙanƙarar da ba a san asalinta ba. Idan gudawa ta kama mutum babu fakitin ruwan gishiri da suga a kusa, ana haɗa shi da lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Tsabtar nan ba don kai kaɗai ba ce. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, kwalara ta ɓulla daga sansanin dakarun wanzar da zaman lafiya da suka je taimako, ta kashe kusan mutum 10,000, har Ban Ki-moon, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya nemi gafarar mutanen ƙasar a 2016. Mai zuwa taimako yana iya zama shi ne ya kawo cutar.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. Lasisina na Nijeriya zai yi aiki a can?

Ba kai tsaye ba. Kowace ƙasa tana da majalisar da ke yi wa likitoci da ma'aikatan jinya rajista, kuma yawanci za a nemi takardar shaidar kyakkyawan tarihin aiki daga majalisarki ta nan kafin a ba ki izinin wucin gadi. Ƙungiyar da ta gayyace ki ce ya kamata ta bi wannan. Abin da ba a yarda ki yi shi a asibitin Legas ba, kada ki yi shi a can don kin ga babu mai dubawa. Ɗalibin da bai gama karatu ba kuma kada ya je ya koyi ɗinki ko karɓar haihuwa a jikin talakan wata ƙasa.

Jama'ar unguwa suna so su tara tufafi da magunguna da madara in tafi da su. In karɓa?

A nan ne niyya mai kyau ta fi yin ɓarna, don haka zan ɗan tsawaita. Na taɓa tsayawa a wani ɗakin ajiya da aka cika da kwalayen magungunan gudummawa, da yawa sun kusa lalacewa, wasu an rubuta bayaninsu da harshen da babu mai karanta shi a wurin, ma'aikata biyu suka shafe kwanaki suna tantancewa maimakon duba marasa lafiya, ƙarshe aka nemi kuɗin ƙona mafi yawansu. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya kan gudummawar magani sun ce kada a aika sai abin da masu karɓa suka nema, ya kasance da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin ya lalace a ranar da ya isa, kuma da rubutun da ma'aikatan wurin suke fahimta. Ragowar maganin da aka tattaro daga gidaje ba ya cikin abin da ake bayarwa.

Madarar gwangwani ta jarirai ta fi haɗari. A wurin da ruwa ba shi da tsabta, uwar da aka ba madara takan dama ta da ruwan da ta samu, nononta ya ragu, jaririn ya kamu da gudawa, idan gwangwanin ya ƙare kuma ba ta da kuɗin wani. Shi ya sa masu aikin agaji suke hana rabon madara barkatai, sai wadda ma'aikatan lafiya suka tsara wa jaririn da ba shi da mai shayar da shi.

Tufafi kuma, kuɗin ɗaukar dila ɗaya daga Legas zuwa Injamena ko Firitawun, da na kwastan, sau da yawa ya fi kuɗin sayen irinsu a kasuwar can. Abin da ya fi amfani shi ne a tara kuɗi, a rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, a sayi abin da aka nema a hannun 'yan kasuwar garin, a dawo wa jama'a da rasit. Dukiyar da aka tara a ƙofar masallaci amana ce, kuma lissafinta a rubuce yana kare mutuncin wanda ya ɗauka.

To ni me zan ɗauka?

Kaya kaɗan masu ƙarko: takalmi rufaffe, tocila, batirin cajin waya wanda dole a jakar hannu ake sa shi a jirgi, da mahaɗin soket, domin ƙasashen da Faransa ta raina suna amfani da mai ƙafa biyu zagayayyu, ba irin namu mai ƙafa uku ba. Mai zuwa Nijar ko Chadi a Afrilu da Mayu ya shirya wa zafin da ke haura digiri 40, mai zuwa Saliyo a Yuli da Agusta ya shirya wa ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ya kuma san cewa filin jirgin Lungi yana tsallaken ruwa ne daga Firitawun. Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, ko da daga ɗan'uwa ne, kuma ka tsaya a kan jakarka har a auna ta a manna mata lamba. Ƙwayoyi irin su Tramadol sun jefa matafiya da yawa a hannun hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da irinta na ƙasashen waje.

Yaya batun kuɗi?

Kada a dogara da katin banki na naira. A canza kuɗi tun a nan wurin 'yan canji masu rajista, a raba su wuri biyu, kuma abin da ya haura dalar Amurka 10,000 doka ta wajabta a bayyana wa kwastan. Sefa iri biyu ce: ta Afirka ta Yamma da ake kashewa a Nijar da Benin da Togo, da ta Afirka ta Tsakiya da ake kashewa a Chadi da Kamaru. Darajarsu ɗaya, amma takardunsu daban, mai shago a Injamena yana iya ƙin karɓar ta Yamai. A Nijar kuma da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar ce, idan aka ce maka dala ashirin sefa 100 ake nufi, jikka kuwa 1,000.

Hausa za ta wadatar da ni?

Za ta buɗe maka ƙofofi da yawa, a Maraɗi da Damagaram da zangunan Gana irin su Nima a Akara, har da kasuwannin Injamena. Amma takardun ofis a Nijar da Chadi da Faransanci ake yi, 'yan gudun hijirar Darfur Larabci da harsunansu irin su Masalit suke ji, a Saliyo kuma Kiriyo ne harshen titi. Ko Hausar ma tana da bambanci: a Nijar idan aka ce an kai yaro likita, asibiti ake nufi. A koyi gaisuwa da ƙirga da sunayen sassan jiki a harshen wurin kafin a tashi. Idan akwai Sarkin Hausawa ko Sarkin Zango a garin, a je a gaishe shi, kamar yadda muke so baƙo ya yi idan ya sauka a Agege.

Salla da azumi fa, da haƙƙin iyali?

A mazhabar Malikiyya matafiyin da tafiyarsa ta kai kimanin kilomita 80 yana yin ƙasaru, amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri sai ya cika sallarsa, don haka mai zaman watanni a sansani ba matafiyi ba ne a wannan hukunci. Wanda aikinsa zai faɗo cikin Ramadan ya zauna da malaminsa tun kafin tafiya, mace kuma ta tambayi hukuncin muharrami da yanayin masaukin da aka tanadar wa mata.

Yardar iyaye tana gaba da tikiti. Magidanci ya bar wa iyalinsa abin da zai riƙe su, kuɗin haya da na makarantar yara, domin ciyar da su wajibi ne, tafiyar kuwa nafila ce. A rubuta wasiyya da basussuka, a bar lambar shugaban aiki a hannun wani babba a gida. A tambayi ƙungiyar a rubuce: idan na yi rashin lafiya mai tsanani wa zai biya, wa zai dawo da ni?

Zan iya ɗaukar hotuna in sa a Facebook don jama'a su ga aikin?

Sai da izinin mai hoton, yaro kuwa sai da izinin iyayensa, kuma wanda yake layin karɓar abinci a hannunka ba ya iya ce maka a'a, don haka izininsa ba cikakke ba ne. Ka auna da kanka: da mahaifiyarka ce a zaune a wannan tabarma, za ka so a yaɗa fuskarta? Alƙur'ani ya hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Hoton ɗan gudun hijira kuma yana iya nuna wa waɗanda ya guje wa inda yake.

Akwai abin da ya fi hoto nauyi. Tun 2003, zamanin Kofi Annan, dokar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta wa ma'aikatanta duk wata mu'amalar jima'i da wanda bai kai shekara 18 ba, da musayar kuɗi ko abinci ko aiki da irin wannan mu'amala, kuma manyan ƙungiyoyi suna sa kowa ya sa hannu a kan irin wannan alkawari. Shawarata ga 'yan'uwa maza ita ce ko maganar aure kada a tayar da ita da wadda take karɓar agaji a hannunka, domin yunwa ce za ta amsa, ba ita ba.

Mene ne babban haɗarin da zan kiyaye?

Mutane sukan tuna da 'yan bindiga, kuma a wasu sassan Sahel haɗarin gaskiya ne, shi ya sa dokar tsaron ƙungiya ba abin jayayya ba ce: inda aka ce kada a je, kada a je. Amma haɗarin mota yana cikin manyan abubuwan da ke halaka matafiya. A guji tafiyar dare, a sa bel, kada a hau babur babu hular kwano. Da isa a sayi layin waya na ƙasar, a sanar da ofishin jakadancin Nijeriya, a nisanci siyasar gari da ɗaukar hoton sojoji ko gadoji. Idan kare ya yi cizo a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a nufi asibiti a ranar.

Idan na dawo, akwai sauran abin yi?

Kafin ka taso ka miƙa aikin a rubuce ga ɗan ƙasar da zai ci gaba da shi, kuma kada ka yi alkawarin rijiya ko kuɗin makaranta da ba ka da tabbacin cikawa. Bayan ka sauka, duk zazzaɓin da ya zo a makonnin farko ka je asibiti ka faɗa wa likita ƙasar da ka fito tun kafin ya tambaya. Wanda ya yi aiki inda ake fama da Ebola ko makamanciyarta ya lura da zafin jikinsa na kwana 21, idan ya ga alama ya kira hukumar lafiya ta jiha ta waya maimakon ya shiga motar haya, domin asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Yaba an tanade shi don irin wannan. Wasu kuma sukan dawo da rashin barci ko yawan tuna abin da suka gani, musamman waɗanda suka yi aiki da yara masu tamowa. Wanda ya ga haka ta wuce 'yan makonni ya faɗa wa likita da wani na kusa da shi. Daga nan sai a zauna da jama'ar da suka tara kuɗin, a karanta musu lissafi, a nuna musu rasit ɗaya bayan ɗaya.